Sittin da Biyu, da Ƙafata

Ban taɓa niyyar zama ɗan kasuwa ba.
Shekara talatin ina rabon wasiƙu a Tawa,
ba ƙofar da ban buga ba a Bilbis,
har ran da gwiwa ta ce ta gaji
na sayi kwagiri a kasuwar Lahadi.
Daga nan abin ya shiga jinina.

Ta biyu ta Agali ce, Buzun Abalak,
kanta naɗe da jan ƙarfe,
ya ba ni ita a bakin akuya da rabin buhun hatsi.
Ta uku icen kanya ce, baƙa wuluk,
tafin mai ita ya cinye mata wuya
har ta rame kamar ƙugun zanzaro.
Akwai ta tsohon soja mai kwanson harsashi a gindi.
Akwai ta ungozomar Keita,
guntuwa, karkatacciya,
wadda ta taka dare fiye da kura.
Duk na rataye su a zaure,
da yamma in shafa musu man kaɗe
ina kiran sunayen waɗanda suka dogara da su.

Daminar bara ta kayar min da katanga.
Wani mai otal daga Yamai ya zo, ya ɗaga kai,
ya nuna uku da makullin motarsa,
ya aje jika tamanin a tabarma.
Har da ta ungozoma.
Na yi katanga.
Wasu suka ji, suka zo.
Kuluwa ta ce, tunda kuɗi sun gane gidan, a kafa musu allo.

Allon ne ya kira Tankari.
Yaro ne, ni na riƙa kai wa ubansa wasiƙun Abijan.
Ya kafe babur, ya durƙusa ya gaishe ni,
sannan ya buɗe jaka.
Ya ce, Baba, wanda ya sayar sau ɗaya mabuƙaci ne,
wanda ya kafa allo ɗan kasuwa ne.
Akwai fatanti, akwai lamba, akwai lanho.

Nawa ka sayi wannan? Ina rasit?
Na ce akuya.
Ya duba takardarsa sama da ƙasa,
babu layin akuya.
Waccan fa?
Na ce mai ita ne ya miƙo min daga gadon asibiti,
ya ce shi ya gama tafiya.
Ya ce, to ran da ka sayar da ita, Baba,
duk abin da aka ba ka riba ce.
Riba.
Na juya kalmar a baki kamar tsakuwa cikin tuwo.

Ya bi bango yana ƙirga da bakin biro,
ya gama, ya dubi hannuna:
sittin da uku.
Na ce sittin da biyu.
Wannan ba haja ba ce, ƙafata ce,
in za ka sa mata kuɗi, sa wa ta hagu ma.
Ya yi dariya har ya riƙe ciki,
ya soke, ya gyara.

Ran Talata na hau layi a ofishinsu,
tsakanin mai sayar da taya da wata mai ɗinki.
Aka buga hatimi, aka ba ni lamba
mai tsawo fiye da ta fanshona.
Ban yi gardama ba.
Albashin da na ci shekara talatin
daga irin wannan layin ya fito.

Takardar tana zaure yanzu, cikin leda,
a ƙusar da ta ungozoma take a da.

Na kuma sayi littafi, kamar yadda ya ce.
Hagu: rana, farashi, abin da ya shigo.
Dama na bar wa kaina,
can nake rubuta mai sanda, da garinsa,
da ƙafar da ke masa ciwo.
Wannan shafin ba wanda ya tambaye ni shi,
kuma shi ne ke fara cika.