Gwangwanin Gunvor

Ƙarfe goma na dare a Mariestad,
rana ta ƙi kwanciya, tana leƙen tafki
kamar baƙon da ya yi sallama bai tafi ba.
Ni ina kicin, hannu dumu-dumu da fulawa,
ina bin rubutun mahaifiyata a takardar da maiƙo ya ci:
"Madara mai ɗumin jiki, kar ta wuce haka.
Yis ba ya son faɗa."

Na kwaɓa, na rufe da tsumma, na zauna jira.
Ita ba ta taɓa duban agogo ba,
da yatsa take tambayar kwaɓi ko ya huta.
Ni sau uku ina ɗaga tsumman.
Na murza, na shafa bota, na barbaɗa kirfa da sukari,
na naɗe, na yanka ashirin da huɗu.
Ɗaya ya fito a karkace, na ce wannan nawa ne.

Ƙamshi ya hau bene ya taso Ebbe.
Ya jingina da ƙyauren da muke zana tsawonsa da fensir.
"Auna ni, Mama. Duk satin nan na cinye wakena."
Na auna. Na yi shiru.
Na miƙa masa mai zafi.

Da sassafe, jirgin Göteborg.
Majken na lissafa abin da za ta hau, da yatsu goma ba su ishe ta ba.
Babana Torvald ya ɗora shuɗin gwangwanin a cinya,
wanda fentinsa ya goge daidai wurin babban yatsa.
Bana ce farkon zuwanmu babu mai shi.

Ga dawakan katako suna zagaye ba sa isa ko'ina,
ga alewa kamar auduga a kan tsinke,
ga ihu yana zubowa daga sama,
duk lokacin da ƙaramin jirgin nan ya hau ƙololuwa,
ya yi ɗan tunani, ya sako kansa ƙasa.

A bakin layi akwai sanda mai jan zane.
Ebbe ya miƙe wuya, ya yi ɗage, ya riƙe numfashi.
Saura yatsa biyu.
Mai karɓar tikiti ta durƙusa ta ce, "Sai baɗi, jarumi."
Baɗi kuwa, a wurin ɗan shekara bakwai,
gari ne da jirgi ba ya zuwa.

Majken ta shige tana waiwaye.
Shi ya zauna a benci, leɓe na rawa, ya ƙi kuka.
Babana ya buɗe gwangwani a hankali.
"Ka san wannan bencin? Nawa ne.
Shekara talatin da ɗaya kakarka na can sama tana kururuwa,
gashinta a tsaye, takalmi ɗaya a hannu,
ni ina nan ina gadin burodi.
Na fi sandar nan da kamu biyu,
amma ban taɓa wuce ta ba."

Ebbe ya dube shi, sukari a haɓa.
"Tsoro kake ji?"
"Sosai."
"To baɗi mu hau tare. Zan riƙe maka hannu."
Tsoho mai saba'in da takwas ya ce to, suka tafa.
Na juya ina kallon dawakan katako,
don ni ma na san nisan baɗi.

Na ɗauki karkataccen nawa na gutsura.
Babana na taunawa ya ce, "Ya yi.
Sai dai kirfa. Ninki biyu take sawa,
ba ta taɓa rubutawa ba."

Da dare muka dawo, gwangwani fayau sai ɓurɓushi.
Na ɗauko fensirin jikin ƙyaure,
na rubuta ƙarƙashin hannunta, ƙanana:
kirfa, ninki biyu.