Direban da Ba Ya Riƙe Sitiyari

A bayan Fanteka na saye ta, ta hannu,
murfinta da tabon sitikar wani da ban sani ba.
Na share cikinta kaf,
na zuba mata Linuks daren Laraba.
Ta tashi garau, allo fes, madannai na amsawa,
sai dai kunne.
Iskar Tudun Wada cike da sadarwa,
ta shagon Bobai, ta otal ɗin tsallaken titi,
ita ko gezau.

Na tambaye ta a baƙin allo: me kike ɗauke da shi?
Ta lissafo kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya.
Ga katin nan kwance, da lambarsa, da sunan maƙerinsa,
gurbin ƙasa kuwa fayau. Babu direba.

Baba na kan tabarma yana ɓare gyaɗa.
Shekara talatin ya yi tsakanin Kawo da Zariya.
Ya ce, "Zulaihatu, me kika ce babu?"
Na ce direba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Mota a tasha, mai a tanki, fasinja sun cika?
To ai kwana za ku yi."

Ga inda gizo ke saƙa:
direban yana intanet,
intanet kuma sai da direban.
Makulli na cikin ɗaki, an ja ƙofa.

Da safe na tsallaka wajen Bobai.
Ya zaro shuɗiyar igiya daga bayan firinta,
haƙorinta ya karye, sai an danne take kamawa.
Haka na zauna, yatsa ɗaya a kan igiya,
ɗaya hannun yana jawo kayan haɗi
da ma'aunin kanel, zuciyar tsarin, daidai da lambar tawa,
don kanel ba ta sa rigar da aka auna a jikin wata.
Na ce a gina.
Rubutu ya yi ta gangarowa
kamar kogi a ƙarƙashin gada cikin Agusta,
sai ya tsaya cak.
Harafi guda na tsallake. Na sake.
Nepa ta ɗauke.
Batirin tsohuwa ya yi min alkawarin minti tara,
ginin ya kammala a na takwas.

Na kira direban ya shiga, aka hana shi.
Ashe wani tsoho ya riga shi kama kujera,
bai iya motar ba, ya kuma ƙi sauka.
Na kai ƙara wajen Baba bayan isha'i.
"Mun san irinsu," in ji shi.
"A ba ɗan kamasho sunansa, kada a ƙara ba shi lodi."
Na buɗe fayil, na sa sunan a jerin waɗanda aka sallama,
na sauke shi, na ɗora sabon.

Shiru.
A baƙin allo, shiru shi ne na'am.
Na leƙa littafin kanel, can layin ƙarshe:
an karɓe shi, kati ya farka.
Wata 'yar fitila da ban san da zamanta ba
ta ƙyafta a gefen madannai.
Sunaye suka fara sauka:
Bobai, otal, wani wai shi Sayi Naka,
da Gidan Sama mai sanda biyu kacal.

Na rubuta shi cikin masu tashi da asuba,
don kada gobe in sake kiransa da baki.

Baba ya matso da gwiwa, ya gyara tabarau.
"Ina direban?"
Na ce ba a ganinsa, yana can ciki.
Ya daɗe yana kallon fitilar.
"To nagari ne," ya ce.
"Ni ma a zamanina
fasinja barci suke, sai dai su ji an iso."