Haƙori Guda

Ni na ja wa fiyano biyun wayoyinsu,
kwana uku, a tsohon siton auduga na Wad Madani.
Ɗaya daga makarantar mishan ya fito, haƙoransa kamar na maci goro,
ɗayan baƙi wuluk, da tabon kofin shayi a murfi.

Dafalla ya zo da sanda, ya zauna kamar mai jiran mota.
Sulafa ta zare awarwaro ta zuba cikin takalminta.
Gaisuwar ba ta kai ta maƙwabta ba.
An ce shekara tara ba sa ga-maciji
a kan wani kiɗa da kowa ya rantse nasa ne.

Shi ya fara, da hagu, can ƙasa,
tafiyar raƙumi mai kaya.
Ta bari ya yi nisa,
sannan ta watso masa tsakuwa a rufin kwano.
Ya ɗago kai.
Ya yi tambaya, ta share,
ta amsa wadda bai yi ba.
Jaz ke nan, in ni za a tambaya:
musun mutum biyu
da kowa ya san inda ke yi wa ɗan'uwansa ƙaiƙayi.

A kiɗa na huɗu aka ɗauke wuta.
Fanka ta mutu, na'urar ɗauka ta koma kan batir,
zufa na ɗiga daga gemun tsoho.
Ba wanda ya tsaya.
Ka kasa kunne, za ka ji kurciya a saman azara,
da jakin mai ruwa yana haurowa daga kogi.

Akwai haƙori guda a tsohon fiyanon da ya gagare ni.
Na ja, na sassauta, na yi masa Bismilla,
ya ƙi, yana nan da tsaminsa.
Na gaya wa Dafalla ya kauce masa.
Sai da aka zo kiɗan ƙarshe
ya danna shi da gangan, sau uku,
ita kuwa ta laluba a nata lafiyayyen
har ta samo abin da zai zauna kusa da tsamin nan
ya zama miya.
Dariyar da ke biye, tata ce.

Faifan ya fito da hotonsu, kowa na kallon gefensa.
Na duba baya, babu ni.
Ba komai.
Kiɗa na bakwai, minti uku da 'yan kai:
nan sunana yake, sau uku.