Rabin Kwalta

Kwalekwalenka yana nan, Torquil,
kife bayan rumfar kifi, inda ka bar shi.
Gefe ɗaya ka shafa wa kwalta,
ka ce ɗayan sai ka dawo da bazara.
Bazara sittin da ɗaya ke nan.
Ciyawa ta huda katakon,
tumakin Mathieson na fakewa ƙarƙashinsa in ruwa ya tsananta.

Shekararka ashirin da biyu.
Tauraro ɗaya a kafaɗa, gashin baki bai gama yanke shawarar fitowa ba,
amma mutum arba'in na jiran bakinka,
wasunsu sun haife ka.

Wasiƙar kanar ta zo ran Talata, ina tatsar saniya.
Ya rubuta: nan take, bai sha wuya ba.
Inna ta ninke ta huɗu, ta sa a littafin addu'a,
ta fita ta kwashe shanya
alhali ko riga ɗaya ba ta bushe ba.

Sai bayan yaƙi Dougal Rennie ya hawo tudunmu,
hannun rigarsa na hagu a naɗe, an maƙale da fil.
Ya ƙi shayi. Ya jira Inna ta shiga ɗaki.
Ya ce: Ishbel, ba nan take ba ne.
Gonar dankali ce a Faransa, taɓo har gwiwa.
Ka busa usur, ka riga kowa fita daga rami,
taku goma sha biyu.
Ka kai har asuba,
kana kiran sunan karenka.

Kare, Torquil!
Ba ni ba, ba Inna ba.
Na yi shekara guda ina fushi da kai.
Sannan wata rana na ji ina kiransa ni ma,
daga bakin ƙofa, cikin hazo,
ya zo ya kwanta kan ƙafata, ya yi nauyi kamar yaro.

Inna ba ta sani ba.
Ta tafi da ƙaryar kanar a ƙirji,
kuma ta ɗumama ta fiye da bargo.

Safar da na saƙa maka ta dawo a ƙulle,
ba a ko kwance zaren ba.
Ni na sa ta, hunturu bakwai, har dunduniya ta mutu.

Yau ma sun taru gun dutsen bakin teku.
Mai algaitar salka ya busa, iska ta kwashe rabi.
Sunanka na tara, tsakanin 'yan Macaskill biyu.
Jikata ta tambaya ko kakana ne kai.
Na ce a'a, yayana ne.
Ta dubi hoton, ta dubi furfurata.

Na sayi gwangwanin kwalta tun shekarar da ka tafi.
Yana kan kanta. Murfin ya yi tsatsa,
ba ya buɗuwa.