Ƙwaya Talatin

Ran Talata, ruwan Kumasi na dukan kwanon asibiti,
uwar Mutawakilu ta dire kwalba a teburina.
Na girgiza ta. Shiru.
Talatin na rubuta, ɗaya kullum bayan kokon safe,
yau kwana goma sha tara.
Lissafi ba ya jin kunyar kowa.

Yaron na kaɗa ƙafa,
yana bin ƙudan taga da ido.
Malamarsa ta aiko takarda: an koma gidan jiya,
ba ya zama, ba ya kai layi ƙarshe.
"Likita, ƙara masa, maganin ya daina ci."
Alƙalamina har ya buɗe baki.
Na mayar masa da murfi.

Na taɓa ƙara wa wani, shekara bakwai baya,
don layi ya yi tsawo, ni kuma ina jin yunwa.
Har yau ban san cikin da ta faɗa ba.

Na ce, wa ke kwana inda kwalbar ke kwana?
Ta gyara mayafi, ta dubi takalminta.
"Yayansa Sahabi. Da rana jami'a,
da dare tuƙin pragya, Aboabo zuwa Kejetia,
ga jarrabawa ta tsaya masa a maƙoshi."

Ran Alhamis ya zo, ido jajir kamar gauta,
yana zaune, zuciyarsa na tsere.
Huɗu ya sha, in ji shi,
sauran abokan karatu suka saya, sidi goma-goma.
Na cire abin saurare daga wuyana
na sa masa a kunne, na ɗora a ƙirjinsa.
Ji da kanka.
Ya ji. Ya daɗe bai cire ba.

Ban ce masa ɓarawo ba.
Na ce, barcin da ka ranta,
jiki zai zo karɓa da riba.
Tabarau ne aka auna wa idon ƙanenka,
kai ka sa, jiri ka samu,
shi ka bar shi yana laluben allo.

Yanzu bakwai-bakwai nake rubutawa.
Kowace Juma'a mu zube kwalba a faranti mu ƙirga, ni da uwar,
makullin akwati na ƙulle a bakin zanenta
tare da canjin cinikin atamfa.
Mai kantin magani na Asawase ya san lambata,
littafinsa da nawa sai sun yi baki ɗaya.

Sahabi ya ajiye tuƙin dare biyu a mako.
Sauran biyar ɗin sun fi ƙarfina,
kuɗin makaranta ba ya cikin abin da nake rubutawa.

Jiya Mutawakilu ya miƙo mini littafinsa,
shafi guda cike har ƙasa.
A gefe ya zana ƙuda
mai fukafukai shida.