Zoben Shayi

Teburin Baba Mani a Ƙofar Kware
duk zobba ne, wani kan wani.
Ina yarinya na sha goge su da tsumma,
gari na wayewa su dawo.
Na ce, Baba, don me tsakiya ke yin fari
bakin kuma ya yi duhu?
Ya ce, "Ke ɗiyag ga, wanke kofi.
Shayi shi yas san abin da shika yi."

Shekara ashirin ina goye da tambayar.
Yau ga ni a Dundaye, ƙarfe biyu na rana,
bazara ta ɗaure iska, an ɗauke wuta,
fanka ta tsaya da hannuwa uku a buɗe.
Na ɗiga ɗigo guda a kan gilashi,
da kaɗan ya fi ƙwayar dawa,
na kafa ido a madubin ƙara girma.

Ashe ba abu ɗaya ba ne.
Gida ne: ruwa, sukari, madara, jan ganye,
kowa da halinsa, tafasa ta haɗa su zama.
Gefe ya kafe, ya ƙi ja da baya,
kamar tsohon da ya ce nan aka binne cibiyata.
Amma ta nan gefen ruwa ke sulalewa,
inda ya fi siranta, nan zafi ke fara karɓa.
Na tsakiya su taso cike gurbi,
su kwaso duk abin da ba ya iya tashi,
su sauke a baki, su ma su bi iska.
Haka, haka,
ba ƙara, ba sallama,
har zobe ya rufe.

Na sake wani gilashi.
Wannan karon humrar Inno ce,
'yar kaɗan da na tsiyayo tana sallar walha,
na sirka da ruwa.
Kai, wannan bai san natsuwa ba!
Mai sauƙin cikinsu shi ya fara gudu,
fatar ɗigon ta ɗaure nan, ta saki can,
ja ni in ja ka,
ciki ya hau juyi kamar Rima a Agusta
ƙarƙashin gada.
Can sai ya yi fari kamar tsala:
man da ke ɓoye ya rasa mai riƙe shi,
ya fito fili ƙwaya-ƙwaya.
Na duba agogo. Minti tara.
Abin da ya saura, mai ne shi kaɗai,
da ƙamshin da ya cika ɗakin ba izini.

Akwai abin da ban rubuta a littafin awo ba.
Jelani ne ya fara tafiya, mai sauƙin ƙafa,
Ikko, da jaka ɗaya.
Modi ya matsa ya riƙe tukunya,
damina biyu, shi ma ya bi.
Hassi na Gusau, sai murya a waya.
Kowa ya zo bakin ƙofa ya ajiye wani abu:
takalmi, tsohuwar rediyo, bashin mai burodi.
Baba ya tafi inda ba a aiko saƙo.
Inno na tsakar gida, ba ta tashi,
duk wanda ya shigo sai ya fita da ƙamshinta.

Ban san lokacin da ya faɗo ba,
ɗigo na uku, daga idona, kan gilashi.
Na ce to, kai ma bari in gan ka.
An ce gishirinka kan yi rassa in ya bushe,
kamar ganyen zogale.
Na gyara madubi, na riƙe numfashi.

Sai aka kawo wuta.
Fanka ta juya, ta shanye shi kafin in kai ido.

Da yamma na bi ta Ƙofar Kware.
Teburin na nan, wani yaro ke sayar da kati a kai.
Na sa yatsa na bi zobe ɗaya har ya zagayo.
Yaron ya ce, "Hajiya, in goge miki?"
Na ce a'a. Ba ni na ɗari biyu.