Sakin Layi na Tara

Lariba na karatun lauya a Legon.
Ran Asabar takan sauko Sabon Zango,
ta zauna kan gawar firji a shagona,
littafi bisa cinya, mayafi a hanci.

Ta ce, Baba, ƙasashe ma na ɗaukar alkawari.
Su taru a wani gari mai sanyi,
su yi ta jan kalma ɗaya kamar ƙirgi:
"wajibi ne" za a rubuta, ko "ya kamata"?
A kan wannan kaɗai sai a raba dare.

Na ce, in sun sa hannu shi ke nan?
Ta ce, sa hannu sallama ce daga ƙofar gida,
sai majalisa ta ce a shigo.
Wata ƙasar ma takan ce na yarda,
amma ban da sakin layi na tara.

Na aje sukundireba na yi dariya.
Wa ya taɓa sayen nama ya ce ban da ƙashi?
Kakanki Gariba ya yi fataucin goro
shekara talatin daga Kumasi,
ba takarda, ba hatimi.
A fasa ƙwarya biyu, kowa ya tauna rabi,
wanda ya saɓa, kasuwa ce alƙalinsa.

Ta ce, su ba su da kasuwa ɗaya.
Kowa sarkin gidansa ne.
Abin da ke riƙe da su, Baba,
shi ne abin da ka koya min tun ina rarrafe:
alkawari kaya ne.

Sai ta buɗe shafin da ta naɗe wa kunne.
Kada ƙasa ta tura wa ƙasa dafi
ba da sani da yardarta ba.

Na dubi abin da take zaune a kai.
Daga Tema aka kawo su, goma,
an manna musu takarda wai suna aiki.
Uku suka farka a hannuna.
Bakwai na ba Inusa a baro,
ya kai bakin Odaw, ya ƙona waya
don ya fid da jan ƙarfe.
Tarinsa na riga shi shigowa lungu.
Hayaƙi kuwa ba ya neman biza,
har Makola yake zuwa cefane.

Ta ce, in na gama, jiragen nan zan tare.

Na ce, Allah ya ba ki iko.
Amma littafin da ke cinyarki,
da kuɗin zangon bara, da takalmin ƙafarki,
cikin kwantenar nan suka fito.
In ce na yarda, 'yata,
ban da sakin layi na nawa?

Ba ta amsa ba.
Ta juya shafi, na jona waya.
Firji na huɗu ya yi tari,
ya fara gurnani a hankali.